Laptop ta ƙi tashi: abin da jama'a suka ce

Ga taƙaitaccen abin da na tsinto daga shawarwarin jama'a kan abin da za a yi in laptop ta ƙi kunnuwa:

1. Kusan kowa ya ce a fara zargin caja. A ari wata irinta a gwada, a duba ko fitilar caji ta kama.
2. A zare caja da batir, a danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30, sannan a jona caja kaɗai.
3. In fanka na juyawa amma allon baƙi ƙirin, a cire RAM (ɗan katin ma'adanar wucin gadi da ke cikin laptop) a goge a mayar, ko a jona laptop ɗin da talabijin ta HDMI (wayar da ke kai hoto zuwa talabijin).

Kan buɗe cikinta aka rabu: wasu sun ce a kwance ta, wasu sun ce in da garanti kar a taɓa. Ni ina tare da masu cewa kar a taɓa. In kuwa tana warin ƙuna, sai wurin mai gyara.