Mahaifinmu ya fara ɓata a hanyar Harami: gigin tsufa ne ko ciwo?

Mai tambaya, daga Misfala, Makka:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana da shekara 74, kuma ya haura shekara 40 yana takawa daga gida zuwa Harami, amma sau biyu a watan nan maƙwabta ne suka dawo da shi domin hanyar gida ta ɓace masa. Yakan idar da La'asar, an jima ya sake alwala ya ce bai yi ba. Yayyena sun ce gigin tsufa ne, a bi shi da addu'a, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya.

Wata ma'aikaciyar jinya, daga Jidda:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Tsufa yakan sa a manta inda aka ajiye carbi, amma ɓacewa a hanyar da ƙafa ta saba da ita alama ce da ke bukatar likita. Za a fara tambayarku yaushe abin ya soma, domin ruɗewar da ta zo cikin kwanaki kaɗan sau da yawa daga ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki ko wani magani take, kuma tana warkewa. Idan a hankali ya taso cikin watanni, za a auna jini a duba bitamin B12 da aikin ƙululun maƙogwaro (wato thyroid), a yi masa gajeren gwajin tunani mai maki 30, wataƙila a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ciwon mantuwa cutar Alzheimer, mai lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a hankali, ce ke damunsu, wasu kuma lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ce, wadda hawan jini da ciwon suga ke janyowa. Magunguna irin su donepezil da memantine ba sa warkarwa, amma suna sassauta alamomin ga wasu na ɗan lokaci. Wanda ke zaune da shi ne ya kamata ya raka shi asibiti, tare da duk magungunan da yake sha.

Wani dattijo, daga Madina:
Ɗana, na yi jinyar mahaifiyata shekara shida a kan wannan ciwo. Idan ya ce bai yi salla ba, kada ku yi masa gardama, domin musu ba ya dawo masa da tunani, sai dai ya ɓata masa rai. Kada kuma ku hana shi Harami. Ku sa jika ya riƙa raka shi, ku saka masa takarda mai lambar wayarku a aljihu, saboda zafin ranar Makka ba shi da sauƙi ga tsohon da ya ɓata.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Da na tambayi Inna, ta ce tun kafin azumin bara ya fara maimaita tambaya, kuma yana da hawan jini. Ranar Lahadi zan kai shi, in Allah ya yarda.