Tsofaffin finafinan sojoji masu waƙa: me kuka tarar bayan kun saya?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Na daɗe ina tara finafinan Amurka na zamanin yaƙin duniya na biyu, waɗanda sojoji ke waƙa da rawa da barkwanci maimakon harbi. Kwanan nan na sayi faifan This Is the Army na 1943, wanda Ronald Reagan ya fito a ciki. Da na kunna, fuskoki duk sun yi ja kamar an shafa musu manja, waƙoƙin kuma a shaƙe. Abin ya ɓata min rai ƙwarai. Akwai wanda ya taɓa gamuwa da haka?

Daga Damagaram: Wa alaikumus salam. Malam, ba kai kaɗai ba ne. Haƙƙin mallakar fim ɗin ya faɗi, shi ya sa kowa ke kwafarsa daga duk tsohon kaset ɗin da ya tsinta, ya zuba a kwali mai sheƙi. Sai a saye na uku na dace da wanda kamfanin finafinai na Warner suka gyara.

Daga Kaduna: Ni takarda nake bi, wato ƙananan hotunan talla da ake liƙawa a zauren silima, inci 11 da 14, takwas a jeri ɗaya. Na samu guda na Buck Privates, fim ɗin 'yan barkwanci Abbott da Costello na 1941. Da ya iso na kai shi bakin taga, sai ga harafin R a gefen ƙasa gaban shekarar, alamar na sake fitarwa ne, ba bugun farko ba. Ban mayar ba. Kakana ya je yaƙin Bama (Burma), kuma da wannan fim na taɓa ganin ya yi dariya har da hawaye, a wurin da Costello ke rikita fareti. Ya ce su ma suna da irinsa a bataliyarsu. Yanzu hoton yana cikin leda a akwatin ƙarfe, saboda gara.

Daga Kumasi: Yallaɓai, ka yi dabara. Ni zafi da laima ne suka cinye min On the Town na 1949 a naɗin fim na majigi mai faɗin milimita 16. Na buɗe gwangwanin, wani tsami ya bugi hancina, fim ɗin ya lanƙwashe. Da zarar ka ji wannan warin, raba shi da sauran.

Mai buɗe zance: Na gode, Allah ya saka da alheri. Ɗan'uwa na Damagaram, don Allah turo min hoton bayan kwalin naka kafin in sake saye.