Oga ne ke kashe wa ma'aikaci gwiwa ko albashi?

Abban Walid: Jama'a ku yi min alƙalanci. Shekarata bakwai a sito a wani kamfanin robobi da ke Sharaɗa, ko sau ɗaya ba a tura ni kwas ba. Bana aka kawo sabuwar manhajar lissafin kaya, aka tura 'yan gaban goshi biyu Legas. Da suka dawo ba wanda suka koya wa komai, satifiket kawai suka rataya a bango. Na yi kuskure wajen shigar da kaya, ubangidana ya tsinka ni a gaban leburori. Tun ranar, ƙarfe huɗu na yi nake ɗaukar hulata. Ni dai na ce shugaba ne ke kashe zuciyar ma'aikaci, ba albashi ba.

Hajiya Turai: Ubangida kuma? Ɗana, baransa ne kai? Da bakinka ka mai da kanka yaron gida, ina zai ga girmanka?

Sani Akanta: Hajiya, ubangida ai Hausa ce tsantsa. Wanda kake ci a ƙarƙashinsa shi ne ubangidanka.

Hajiya Turai: Ba a ƙarƙashinsa yake ci ba, guminsa yake ci. Shi ma wancan albashi yake jira ƙarshen wata. A ce oga.

Malam Bala Zariya: Oga kuma Yarbanci ne, Hajiya.

Ɗan Fagge: Zazzagawa za su koya mana Hausa yau?

Malam Bala Zariya: Ku da kuka mai da ta Hausar kasuwa?

Maman Ihsan: Don Allah ku dawo kan magana. Kamfanin Gallup na Amurka ya ce kashi 70 cikin 100 na bambancin himmar ma'aikata daga manaja yake. Kuma kamfanoni na biyan ITF, wato asusun horar da ma'aikata na gwamnatin tarayya, kashi 1 cikin 100 na albashin shekara saboda horaswa. Haƙƙinsa yake nema.

Sani Akanta: Amurka kika ce. Nan mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 ne tun 2024, ya kike so mai iyali ya yi himma? Ko ubangida mala'ika ne, yunwa ba ta jin lallashi.

Hajiya Turai: Ka sake cewa ubangida.

Ɗan Fagge: Sani ba akanta ba ne? Ai dole ya kare su, da su ake raba kuɗin kwas.

Sani Akanta: Ka kawo shaida ko ka janye, ban son ƙazafi.

Abban Walid: Ni fa maganar kwas na kawo.

Alhaji Garba, shugaban zaure: To, ya isa. Na yi shekara 18 ina riƙe da sashe, na san halin yara. Abin da na fahimta, mafi yawanku kun yarda ubangida kalmar ladabi ce, kuma mai tashi ƙarfe huɗu ba shi ake turawa kwas ba. Abban Walid, gobe ka je ka ba shi haƙuri. Na rufe.

Hajiya Turai: Yara kuma, Alhaji?