Mansa Musa a Alƙahira, shekarar 1324: kyauta ko almubazzaranci?

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Wallahi raina a ɓace yake. Jiya yarona ya dawo daga makaranta yana ta ba ni labarin Marko Polo, har ya san a 1324 ya mutu a birnin Benis. Na ce masa a wannan shekarar fa Mansa Musa, sarkin Mali, ya sauka Alƙahira kan hanyarsa ta Makka. Yaro ya zuba mini ido da biro a baki, ko sunan bai taɓa ji ba. Wane irin karatu ake yi wa 'ya'yanmu? An san Bature ɗan yawo, ba a san sarkinmu mai kyauta ba!

Abu Hafsa: Wa alaikumus salam. Malam, kyauta ka ce? Al-Umari, malamin tarihi na wancan zamani, ya rubuta cewa kafin zuwan Mansa Musa Alƙahira miskalin zinariya ba ya sauka ƙasa da dirhami 25, bayansa ya koma 22, kuma kusan shekara 12 bai farfaɗo ba. Mutumin da ya zubar da dukiya har sai da ya ci bashin 'yan kasuwar Misira kafin ya koma gida, wannan almubazzaranci ake ce masa.

Ummu Khalil: Haba Malam, ka ji tsoron Allah. Mahajjaci mai sadaka ne almubazzari? Shi ya dawo da Abu Ishaƙ as-Sahili, magini mutumin Garnaɗa ta ƙasar Andalus, aka gina masallacin Jingarebar a Tumbutu. Masallacin yana nan tsaye har yau.

Abu Hafsa: Hajiya, sadaka ga miskini ake ba ta. Shi kuwa fadawan sarkin Misira, Sultan an-Nasir Muhammad, ya yi wa ruwan zinariya.

Bazazzagi: Ku duk kun tsallake kalma guda. "Sarkinmu" na su wa? Mutumin nan Bamalinke ne, ba Bahaushe ba.

Ɗan Damagaram: To Wangarawan da suka zo Kano zamanin Sarki Yaji daga ina suka fito? Ba daga Mali ba?

Bazazzagi: Yaji sai 1349 ya hau gadon sarauta. Me ya haɗa shi da 1324? Ku mutanen Nijar komai na Mali sai ku ce naku ne.

Ɗan Damagaram: Kada ka sako ƙasata a ciki. Ni na ambaci Zariya?

Ummu Khalil: Ni dai ina nan kan maganata. Duk shekara alhazanmu suna cin bashi su sayo tsaraba, ba wanda ya ce musu almubazzarai.

Abu Hafsa: Ni ina faɗa. Ko bara na faɗa wa yayana gaba da gaba.

Mai kula da zaure: Jama'a, a tsaya haka nan. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda Mansa Musa sarki ne mai hannun kyauta da son addini, mutum ɗaya ne kawai ya kafe. Batun Nijar da Zariya kuma a bar shi.

Abu Hafsa: Kowa wa? Ni kaɗai na kawo lissafin dirhami a nan, ba wanda ya amsa mini.