Kwat ko kaftani zan sa ranar intabiyu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka mini da shawara. Na nemi tallafin PTDF, wato asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur, na karatun digiri na biyu a Ingila, kuma Allah Ya sa an kira ni intabiyu a Abuja mako mai zuwa. Takarduna sun kammala, tufafi ne suka hana ni barci.

Ban taɓa mallakar kwat ba. Yayana ya ara mini tasa, amma hannunta ya rufe mini yatsu, kafaɗar kuma ta zubo, ga shi ban iya ɗaura lakataye ba. Shi ya dage cewa tunda Turai za ni, kwat ce shiga. Baba kuwa ya ce in sa farar shaddata ta Sallah, mai ɗan aiki kaɗan a wuya, da hula zanna. Gaskiya a cikinta na fi sakewa, sai dai ina tsoron masu tambayar su ga kamar ɗaurin aure na zo.

Waɗanda suka taɓa zama gaban irin wannan kwamiti, me kuka sa? In kaftanin ne, da takalmi sau-ciki ko buɗaɗɗe? Turare fa, a shafa ko a bari?