Injin buɗe ƙofar gareji: wa ya taɓa sakawa?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Na gama gini a Kaduna, ƙofar garejina irin mai naɗewa sama ce, faɗinta mita uku. Maman yara kan dawo aiki da daddare, ba na son tana fita daga mota don ta buɗe. Inji mai rimot nake so, wanda zai yi aiki ko an ɗauke wuta. Wanne zan saya?

Ɗanliti: Centurion D5 na saka, ɗan Afirka ta Kudu. Yana jan get har kilo 500, da batirinsa mai 12V a ciki. Shekarata uku da shi.

Injiniya Sule: Ɗanliti, naka na get ne mai gudu a kan layin ƙarfe. Tasa naɗewa take yi, injinta a jikin bututun sama ake ɗaura shi. Ba ɗaya ba ne.

Hajiya Mai Atamfa: Ni kada ma a tuna min. Dubu 650 na biya. Damina na sauka yashi ya cika layin, get ya tsaya rabi, sha ɗayan dare, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Makullin da ake sakinsa a tura da hannu kuwa yana cikin durowar ɗakina. A gidan maƙwabta na bar mota. Kuma ashe yaron da ya haɗa min injin bai saka idon da ke hango abu ya tsayar da get ba, bayan sati biyu ya matse min bayan mota, fitila ta fashe. Na kira shi har na gaji, waya a kashe.

Ɗanliti: Hajiya, an yanke ki. Ni dubu 380 har da kuɗin aiki.

Umman Sadiq: Yaushe? Kafin dala ta tashi a 2023 ko? Je ka tambaya yau ka ji.

Kawu Bala: Ni rimot ɗina mai gadi ne. Hon biyu ya buɗe. Ba ya cin batir, shayi da burodi kawai.

Injiniya Sule: Hajiya, ba laifin inji ba ne. Layi sai da shara, batir kuma yana mutuwa in wuta ta daɗe ba ta zo ba. A haɗa masa sola.

Hajiya Mai Atamfa: Malam, kai sayarwa kake, dole ka yaba. Mu da muka ji a jika za a tambaya.

Baban Khalifa: Jama'a, tawa fa mai naɗewa ce.

Umman Sadiq: Ko ta buɗe da kanta ina amfani? Maƙwabcinmu kullum a bakin get ɗinmu yake ajiye mota ya tafi barci. Jiya sai takwas da rabi yara suka isa makaranta.

Kawu Bala: Sace masa iskar taya.

Umman Sadiq: Kawu, ɗan mai unguwa ne fa.