Zan iya kammala zagayen kilomita 25 a gandun daji cikin yini ɗaya?

Baƙon Daji: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin bin wata hanyar ƙafa mai zagaye a gandun daji, tsawonta kilomita 25 da hawan kusan mita 900, kuma ban taɓa wuce kilomita 15 ba. Shin yini ɗaya zai ishe ni?

Dattijon Hanya: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Akwai ƙa'idar da William Naismith, mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Sikotilan, ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Lissafinka ya kama awa shida da rabi ba tare da hutu ba, don haka ka ware awa tara, ka kama hanya da sassafe. Abin da ya fi damuna da hanya mai zagaye shi ne, da zarar ka wuce rabi, komawa baya ba ta da amfani; saboda haka ka tsayar da lokacin da za ka juya idan ba ka kai tsakiya ba.

Mai Takalmi: Malam ya yi gaskiya. Bara duhu ya riske ni saura kilomita uku, ina lalube tsakanin saiwoyi da fitilar waya, sabon takalmi kuma ya sale mini diddige har safa ta manne. Ka tafi da tocila ta goshi da takalmin da ƙafarka ta saba da shi.

Uwar Tafiya: Ka sauke taswira a wayarka tun daga gida, domin sabis yakan ɗauke a daji, kuma ka sanar da wani lokacin dawowarka.